Gwajin suga da hanta a wata cibiyar lafiya ta kuɗi a Nassarawa: inda ta ƙware da inda ta gaza

A unguwar Nassarawa da ke Kano akwai wata cibiyar lafiya ta kuɗi da ta ware wasu safiyoyi a mako domin masu ciwon suga kawai, kuma abin da ya bambanta ta da yawancin wuraren da na sani shi ne ba ta tsayawa ga auna sukarin jini da sabunta takardar magani, sai ta haɗa da duba hanta. Sun tsara aikin a dunƙule, daga awon jiki da gwajin jini zuwa hoton ciki da awon taurin hanta da na'ura, sannan ganin likita da zama da mai ba da shawara kan abinci. Na raka kawuna, ɗan kasuwa a Kantin Kwari mai shekara 58 wanda ya daɗe yana shan maganin suga, kuma na bi kowane mataki tare da shi domin ni ne mai riƙe masa takardun asibiti. Aikin likitancin wurin ya cancanci yabo ƙwarai, amma yadda ake sayar da shi da kuma shawarar abincin da ake bayarwa suna buƙatar gyara na gaske.

Mai karatu zai iya tambayar mene ne haɗin suga da hanta, domin a wurinmu idan an ce ciwon hanta, hankali yakan tafi ne ga ciwon shawara, ko ƙwayar cutar hanta nau'in B, ko kuma mashaya. Sai dai akwai wani ciwon da ya fi waɗannan yawa a duniya, wato taruwar kitse a cikin hanta ba tare da giya ba. Likitoci suna cewa hanta ta yi kitse idan maiƙon ya kai ko ya haura kashi 5 cikin 100 nata. Ana kiyasin kusan kashi 30 cikin 100 na manyan mutane a duniya suna da wannan matsala, a cikin masu ciwon suga nau'i na biyu kuwa, wato irin wanda ya fi kama manya, fiye da rabinsu ne ke da ita. Abin da ya sa ba a cika jin labarinta ba shi ne ba ta da zafi kuma ba ta sa ido ya yi rawaya a shekarunta na farko, don haka mutum zai iya kai ta shekara da shekaru yana harkokinsa bai sani ba.

Wurin yana da tsabta, kujerun jira sun wadata, kuma ko da aka ɗauke wuta injinsu ya tashi nan take. An gaya mana tun a waya cewa Kawu ya zo bai ci komai ba tun daren jiya, kuma sun cika alkawarin fara ɗibar jinin masu suga da wuri, wanda abu ne mai muhimmanci ga mutumin da ke kan magani kuma cikinsa babu abinci. Layin yankar kati ne kawai ya ɗan ja lokaci.

Daga ɗakin awo na fara gane cewa ma'aikatan sun san abin da suke nema. Bayan sikeli da awon hawan jini, ma'aikacin jinyar ya ɗauko igiyar awo irin ta tela ya zagaya ta a cikin Kawu daidai saitin cibiya, ya rubuta santimita 106. Ya bayyana mana cewa ma'aunin da ake amfani da shi ga mutanen yankinmu shi ne haɗari yana farawa daga santimita 94 ga namiji da 80 ga mace, kuma teɓa ta fi nauyin jiki gaba ɗaya nuna halin da hanta take ciki. Daga nan sai ya nemi izini ya ɗan janye wuyan rigar Kawu, ya haska bayan wuyansa da fitilar waya, ya nuna mini wani baƙi mai kauri da laushi da ya kwanta a cikin lanƙwasar fatar. Kawu ya ce ya daɗe yana dirje wurin da soso yana ɗauka rana ce da gumi. Ma'aikacin ya ce masa, "Alhaji, wannan ba datti ba ne, alama ce ta cewa insulin, sinadarin da ke sauke sukarin jini, ya yi yawa a jininku, kuma soso ba ya fitar da ita." A duk shekarun da Kawu ya yi yana zuwa karɓar magani, babu wanda ya taɓa duba wuyansa ko ya auna cikinsa.

Likitar da ta gan mu mace ce mai natsuwa, kuma ta fara ne da tambayoyi kafin ta buɗe kowace takarda. Da ta zo kan giya sai ta gabatar da uzuri tukuna, ta ce, "Baba, ku yi haƙuri, tambaya ce da muke yi wa kowa, domin ba a yanke hukunci a kan hanta sai an yi ta." Duk da haka fuskar Kawu ta canja, ya ce shi bai taɓa kai wannan abu bakinsa ba tun da aka haife shi. Ta amsa da cewa ta yarda, kuma wannan shi ne ma dalilin da ya sa take so ya fahimci cewa hanta tana iya yin kitse irin na mashayi a jikin mutumin da bai taɓa sha ba. Ta tambaye shi jiƙe-jiƙen da yake sha, da magungunan kemis, da ko an taɓa yi masa gwajin cutar hanta nau'in B da C. Na ji daɗin ganin cewa waɗannan gwaje-gwaje biyu suna cikin tsarin nasu, domin binciken ƙasa da aka gudanar a Nijeriya a 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin 100 na mutanen da ke tsakanin shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da nau'in B. A ƙasar da abin ya kai haka, duk wanda ya ga kitse a hoton hanta ya tsaya a nan bai nemi ƙwayar cutar ba, bai gama aikinsa ba, tun da mutum ɗaya yana iya haɗa biyun, kuma idan sun haɗu hantar ta fi saurin lalacewa. Na Kawu duka biyu sun fito babu komai, sai ta ba da shawarar ya yi allurar rigakafin nau'in B.

Abin da ya fi komai daraja a wannan ziyara, a ganina, shi ne bayanin da likitar ta yi da Hausa tsantsa a kan yadda ciwon yake aiki, kuma zan tsaya a kansa domin shi ne abin da mutane suke biyan kuɗi a wurare da yawa ba sa samu. Insulin sinadari ne da wata gaɓa mai suna fankiriyas, wadda ke kwance a bayan tumbi, take fitarwa idan mutum ya ci abinci. Aikinsa ya shafi wurare uku. Yana sa tsoka ta janye sukari daga jini, yana sa kitsen jiki ya riƙe maiƙonsa kada ya sake shi, sannan yana umartar hanta ta dakatar da zuba sukari a jini, domin hanta ce take ajiye sukari ta kuma ƙera sabo a lokacin da mutum yake barci ko yake azumi. Da ta ga Kawu ɗan kasuwa ne, sai ta ce masa ya ɗauki hanta a matsayin sito, insulin kuma saƙon maigida ne da ke cewa shago ya cika, a daina fito da kaya. Idan yaran sito suka daina jin saƙon, za su ci gaba da turo kaya shagon da ba shi da wurin ajiya, maigida kuma ya yi ta ƙara aika 'yan aike, alhali a lokaci guda motoci suna ta sauke sababbin diloli a ƙofar siton har ya cushe.

Wannan rashin jin saƙo shi ne ake kira bijirewar jiki ga insulin, kuma yakan riga ciwon suga zuwa da shekaru masu yawa. Idan kitsen jiki, musamman wanda ke kewaye da hanji, ya daina jin insulin, sai ya riƙa sakin maiƙo a cikin jini ba dare ba rana, kuma jinin da ke fitowa daga wannan yanki yana bin wata babbar jijiya ce da ke zubawa kai tsaye a cikin hanta. Ita kuma fankiriyas, da ta ga sukari bai sauka ba, sai ta ƙara yawan insulin. A nan ne abin ya fi muni, domin hantar da ta daina jin umarnin dakatar da ƙera sukari ba ta daina jin wani umarnin na insulin ba, wato na mayar da rarar sukari zuwa kitse, don haka yawan insulin ɗin sai ya ƙara hura wutar ƙera maiƙo a cikinta. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2005 ya bi diddigin kitsen da ke cikin hantar masu wannan ciwo, ya gano kusan kashi 59 cikin 100 ya fito ne daga maiƙon da kitsen jiki ya saki, kashi 26 hantar ce ta ƙera shi da kanta, kashi 15 ne kawai ya zo kai tsaye daga man da ke cikin abinci. Wannan ya nuna cewa rage mai a miya kaɗai ba zai warware matsalar ba, matuƙar teɓa tana nan kuma sukari da garin fulawa suna shiga yadda suka saba.

Likitar ta ƙara da cewa hanyar ba ɗaya ba ce, tafiya ce da dawowa. Hantar da ta cika da kitse tana ƙara ƙin jin insulin, sai ta kwana tana zuba sukari a jini, shi ya sa mutum zai kwanta bai ci wani abin kirki ba amma ya tashi da asuba na'urar awo ta nuna masa adadi mai yawa. Kawu ya daɗe yana kokawa da wannan, yana zargin na'urar ko ingancin maganin. Haka kuma wanda ba shi da suga amma hantarsa ta yi kitse, haɗarin kamuwarsa da suga ya kusa ninka na sauran mutane sau biyu, wanda kuma ya riga ya kamu da suga, hantarsa ta fi saurin wucewa daga kitse zuwa kumburi, daga kumburi zuwa tabo, daga tabo zuwa ƙandarewa. Saboda haka raba masu suga da masu hanta zuwa ɗakuna biyu da ba sa magana da juna, kamar yadda ake yi a wurare da dama, yana sa a rasa mutane da yawa a tsakani.

Sakamakon jini ya fito kafin azahar. Gwajin HbA1c, wanda ke nuna matsakaicin sukarin jini na kimanin wata 3, ya nuna 8.4, alhali daga 6.5 ake cewa mutum yana da suga, tsakanin 5.7 da 6.4 kuma yana bakin kamuwa. Kafin ta dogara da wannan adadi sai da likitar ta tambayi rukunin jinin Kawu game da sikila, domin ga masu amosanin jini da masu ƙarancin jini wannan gwaji yana iya ba da adadin da ba daidai ba. A Kano, inda sikila ba baƙuwa ba ce, wannan tambaya alama ce ta likitar da ta san mutanen da take dubawa. Sinadaran hanta guda biyu da ake aunawa, ALT da AST, sun fito 49 da 38, wato sun ɗan ɗaga kaɗan ko suna bakin iyaka. Ta gargaɗe mu kada mu ɗauki wannan a matsayin shaidar lafiya, domin mutane da yawa masu kitsen hanta, har da waɗanda tabo ya yi nisa a jikinsu, waɗannan sinadarai suna fitowa daidai. Hoton ciki ya nuna hantar ta yi haske fiye da ƙoda, wanda shi ne alamar kitse, amma hoton ba ya ganin kitse idan kaɗan ne, kuma ba ya auna tabo.

Tabon shi ne abin tsoro, domin shi ne ya fi nuna wanda hantarsa za ta ba shi wahala nan gaba. Don kiyasta shi likitar ta yi wani lissafi da ake kira FIB-4, wanda ba ya buƙatar komai sai shekarun mutum, da ALT da AST, da yawan ƙwayoyin da ke sa jini ya daskare, waɗanda ake samu a gwajin jini na yau da kullum. Ta shigar da su a wayarta a gabanmu, adadin ya fito 1.5. Ƙasa da 1.3 yana nufin haɗarin tabo mai tsanani kaɗan ne, sama da 2.67 yana nufin a tura mutum ga likitan hanta, abin da ke tsakani kuma yana buƙatar gwaji na biyu. Ga wanda ya kai shekara 65, iyakar farko tana komawa 2.0. Ƙungiyar masu kula da ciwon suga ta Amurka tana ba da shawarar a riƙa yi wa manya masu suga nau'i na biyu wannan lissafi ko da sinadaran hantarsu sun fito daidai.

Tun da Kawu ya faɗa a tsakiya, sai aka shiga da shi ɗakin na'urar FibroScan, wadda wani kamfanin Faransa ke ƙerawa. An kwantar da shi rigingine, aka sa ya ɗaga hannun dama ya tura shi ƙarƙashin kansa domin haƙarƙari su buɗe, aka shafa wani ruwa mai sanyi a gefen ƙirjinsa, sannan ma'aikacin ya dafa kan na'urar a tsakanin haƙarƙari biyu. Duk lokacin da ya danna, sai a ji wani ɗan bugu kamar an ɗalle fata da yatsa, adadi ya bayyana a allo. Kan na'urar na farko bai yi aiki sosai ba saboda kaurin jikin Kawu, sai ya canja zuwa babba wanda aka tanada domin masu jiki, ya maimaita har sai da ya sami awo 10 masu kyau. Babu allura, babu zafi, kuma bai fi 'yan mintoci ba. Na'urar tana aika wata girgiza ce cikin hanta ta auna saurin tafiyarta, domin girgiza ta fi gudu a cikin hantar da ta taurare. Taurin hantar Kawu ya fito 7.1, ƙasa da 8 da ake ɗauka a matsayin iyakar kwanciyar hankali, ma'aunin kitse kuwa ya fito 310 a sikelin da ke tsayawa a 400. Ma'ana kitsen yana da yawa, amma tabon bai yi nisa ba, kuma wannan mataki ne da ake iya juyawa.

A nan ne zan kawo ƙorafina na farko, kuma babba ne. A wurin yankar kati, tun kafin a ɗebi jinin kowa, ma'aikatan suna tallata cikakken tsarin ne har da wannan na'ura, kuma kuɗinta kaɗai ya fi na sauran gwaje-gwajen idan an haɗa su. Ba a gaya wa mutum cewa yana iya biyan kuɗin jini da ganin likita tukuna, a yi lissafin, sannan a ga ko na'urar ta zama dole. Ga Kawu abin ya zo daidai, tun da lissafinsa ya nuna yana buƙatarta, amma mutane da yawa lissafinsu zai fito ƙasa da 1.3, kuma za su biya kuɗin abin da likitar kanta ba za ta nema musu ba. Na ga wata dattijuwa tana ƙirga kuɗi daga ƙullin mayafinta tana tambayar ɗanta ko za su isa, kuma babu wanda ya nuna mata cewa akwai hanya mai sauƙi. A wannan lokaci da mai suga yake fama da tsadar maganin wata-wata, wannan ba daidai ba ne, kuma cibiyar da ke da likita mai irin wannan ilimi bai kamata ta bar teburin karɓar kuɗi ya riga ta yanke hukunci ba.

Game da magani, likitar ba ta yi alkawarin abin da babu shi ba. Ta ce babban maganin kitsen hanta shi ne rage nauyi, ta kuma ba da adadi: rage kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na nauyin jiki yana rage kitsen, kashi 7 zuwa 10 yana kwantar da kumburi, kashi 10 ko fiye kuma yana iya rage tabon da ya riga ya fara. Ga Kawu mai kilo 92, kashi 7 zuwa 10 yana nufin kilo 6 da rabi zuwa 9, a hankali cikin watanni. Ta ambaci aikin Farfesa Roy Taylor na Jami'ar Niyukasil a Ingila, wanda ya daɗe yana nuna cewa kitsen hanta da na fankiriyas su ne ke riƙe da ciwon suga nau'i na biyu. A gwajin da shi da abokan aikinsa suka wallafa a 2017, kashi 46 cikin 100 na waɗanda aka sa a tsarin rage nauyi sukarinsu ya koma ƙasa da iyakar ciwon ba tare da magani ba bayan shekara guda, a cikin waɗanda suka rage kilo 15 ko fiye kuwa adadin ya kai kashi 86. Sai dai ta yi gaskiya ta ce waɗancan mutane ba su wuce shekara 6 da kamuwa ba, Kawu kuwa ya daɗe, don haka abin da za a sa rai da shi shi ne hanta ta sauƙaƙa kuma sukari ya fi jin magani. Ta kuma tuna masa cewa abin da ya fi kashe masu kitsen hanta shi ne ciwon zuciya da shanyewar ɓarin jiki, saboda haka ta dawo masa da maganin rage maiƙon jini wanda ya daina sha bayan wani ya ce masa yana ɓata hanta, ta tabbatar masa cewa masu kitsen hanta suna iya shan sa.

Ta bar shi a kan maganin sugansa na metformin, wanda ba ya cutar da hanta a irin matakinsa ko da yake ba ya kankare kitsenta. Ta bayyana cewa wani maganin suga mai suna pioglitazone yana taimakon hantar masu suga amma yana ƙara nauyi kuma bai dace da mai raunin zuciya ba, allurar semaglutide kuma tana rage nauyi da kumburin hanta amma tsadarta ta fi ƙarfin yawancin mutane. A watan Maris na 2024 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da resmetirom, magani na farko da aka yi musamman domin wannan ciwo, amma na waɗanda tabonsu ya yi nisa ne, Kawu bai kai nan ba. Na yaba da cewa ba ta tura mu ɗakin maganinsu mu sayi wasu ƙwayoyin ƙarin kuzari da sunan wanke hanta ba.

Ƙorafina na biyu ya shafi ɗakin shawarar abinci, wanda shi ne ya kamata ya zama ƙashin bayan aikin duka, tun da an ce abinci ne magani. Matashiyar da ke wurin tana da ladabi, amma takardar da ta miƙa mana da Turanci take, kuma cike take da abincin da Kawu bai taɓa gani a gidansa ba, irin su kifin ƙasashen sanyi da man zaitun da wasu ganyaye da sai a manyan kantuna ake samun su. Babu tuwo a cikinta, babu waina, babu gurasa, babu fura. Mutumin da ke zaune a shago daga safe zuwa magariba, wanda karin kumallonsa shayi ne mai madarar gwangwani da burodi, abincin ranarsa shinkafa da lemon kwalba, na darensa tuwon shinkafa, ba zai sami komai a wannan takarda ba sai ya ninke ta ya sa a aljihu. Sai da na riƙa jefa mata tambayoyi ɗaya bayan ɗaya sannan ilimin da take da shi ya fito, kuma ashe tana da shi.

Abin da muka samu daga wannan tattaunawa ya fi takardar amfani nesa ba kusa ba. Kwalbar lemo mai santilita 50 tana iya ɗauke da sukari giram 50 ko fiye, wato sama da ƙaramin cokali 12, kuma wannan shi ne kusan iyakar abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda babba ya sha a yini guda. Rabin sukarin da muke zubawa a shayi wani nau'i ne da ake kira furuktos, wanda hanta ce ta fi ɗaukar nauyin sarrafa shi, kuma idan ya zo da yawa cikin ruwa sai ta mayar da shi kitse. Wannan ya shafi lemon malta da zoɓo da kunun aya idan an cika musu sukari. Kawu ya ce shi ai ya koma zuma. Ta amsa masa cikin girmamawa cewa zuma tana da albarkarta, amma ita ma tana ɗauke da wannan nau'in sukari, don haka ga mai suga a ƙidaye ake shan ta, ba a zuba ta yadda aka ga dama. Ta ce ya mayar da tuwon dare na dawa ko gero ko acca, ya rage girman malmala, ya yawaita miyar ganye irin su kuka da kuɓewa da zogale da rama, ya riƙa cin wake da ɗanwake maimakon farar shinkafa zalla, ya ci lemo da gwaba ɗanyu maimakon matsattsen ruwansu. Duk waɗannan ana samun su a 'Yankaba da 'Yan Lemo da kowace kasuwar unguwa. Ta ce ya riƙa tafiya da ƙafa aƙalla minti 150 a mako, ya sauka daga adaidaita sahu kafin ya ƙarasa kasuwa, ya kuma taka na ɗan lokaci bayan cin abinci, domin tsokar da ke aiki tana janye sukari ko da insulin bai yi ƙarfi ba. Da na tambaya game da azumin watan Ramalana, sai ta ce ya dawo wurin likita kafin watan ya kama domin a daidaita magani, kuma ya kula da buɗa-baki, inda kunu mai sukari da soye-soye suke rushe amfanin yinin. Duk wannan ya kamata a ce an rubuta shi da Hausa da ajami an miƙa wa kowa, ba sai wanda ya zo da mai yi masa tambaya ba.

Wani abu da likitar ta jaddada kafin mu fito shi ne batun jiƙe-jiƙen da ake tallatawa da lasifika a bakin kasuwanni da sunan maganin suga ko wankin hanta. Ba ta zagi maganin gargajiya ba, amma ta ce haɗin da ba a san abin da ke cikinsa ko adadinsa ba, hanta ce take fara karɓar sa, kuma hantar da ta riga ta yi kitse ba ta da juriyar mai lafiya. Ta haɗa da gyaɗa da masarar da suka yi fumfuna a ajiya, waɗanda ke ɗauke da wata guba mai jawo sankarar hanta, musamman ga mai ɗauke da nau'in B.

Bibiya bayan an fita ita ma tana da rauni. An ba mu sakamakon a takardu daban-daban, babu wata wasiƙa guda da za a kai wa likitan da ya saba duba Kawu, kuma ba a rubuta adadin FIB-4 a ko'ina ba sai da na roƙa aka ƙara shi da biro. Ranar dawowa ma da baki aka faɗe ta.

Wanda ya kamata ya nemi irin wannan dubawa shi ne mai suga nau'i na biyu, da wanda aka ce yana bakin kamuwa, da mai teɓa tare da hawan jini ko yawan maiƙon jini, da kuma wanda aka taɓa ce masa an ga kitse a hoton hantarsa aka sallame shi ba tare da bayani ba. Idan za a je wannan cibiya, a nemi a fara da gwajin jini da ganin likita kawai, a bar na'urar sai lissafi ya nuna buƙatarta, kuma idan za a yi ta a tabbata an yi aƙalla awa 3 ba a ci komai ba, domin abinci yana ɗaga adadin. A tafi da kwalayen duk magungunan da ake sha, har da na gargajiya. Wanda kuma ba shi da halin zuwa wurin kuɗi, gwaje-gwajen da lissafin yake buƙata na yau da kullum ne, ana yin su a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da Asibitin Murtala da na Muhammad Abdullahi Wase, sai ya roƙi likitan da ke duba sugansa ya lissafa masa FIB-4 ya rubuta a katinsa. Idan adadin ya fito ƙasa, mai suga yana maimaita shi ne bayan shekara 1 zuwa 2.